Kejin da Na Ƙera da Hannuna

Ni mai walda ne. A Mahjar aka haife ni, wata unguwa a wani garin bakin teku a ƙasa mai tsarki, inda mahaifina ya sauke kayansa bayan ya gama aikin hajji ya ga ba zai koma Kano ba. A nan na buɗe warshata, wato shagon ƙarfe, a wani lungu bayan rumbunan ajiyar kaya. Ƙofofi nake yi da tagogi da matakala, wani lokaci gadon ƙarfe. Keji kuwa sau biyu kacal na taɓa yi a rayuwata, kuma mutum ɗaya ne ya sa ni duka biyun.

Ɗan kawun matata ne. Unguwa ɗaya muka tashi, na girme shi da shekara shida, na sha goya shi a bayan keke. Mahaifinsa ya samu takardar zama ɗan ƙasa tun da wuri, mu ba mu samu ba, har yau da iƙama, takardar zaman baƙo, nake zaune a garin da aka yanke mini cibiya. Shi ya shiga sayar da motoci, Allah ya buɗa masa, ya koma unguwar Aziziyya. Daga baya ya sayi fili a arewacin gari ya gina istiraha, irin gidan hutun nan mai katanga da ciyawa inda ake tara abokai a ƙarshen mako. A da Yaya yake kirana. Da kuɗi suka zauna sai na koma "ya usta", kamar kowane mai gyara, Hausar ma ya ce ta yi masa nauyi a baki. Wallahi a lokacin ban riƙe shi da komai ba.

Wata rana ya tsayar da mota a bakin warsha, bai ko kashe ta ba.

"Ya usta, keji nake so. Mita uku a mita biyu. Rodi mai kauri, sama da ƙasa da gefe."

"Me za ka sa a ciki?"

"Kare."

"To a rufa masa kwano a sama saboda rana."

"La, la, a'a. So nake a riƙa ganinsa ta ko'ina. Ƙasan ma rodi, don kashi ya riƙa zubewa."

Na yi yadda ya ce. Na ma ƙawata aikin, na goge duk inda na haɗa ƙarfe, na shafa baƙin fenti har sau biyu. Da muka kai kejin istiraha muka girke shi a tsakiyar fili, na ja da baya ina kallonsa ina jin daɗi. Wannan jin daɗin har yau in na tuna shi sai na ji kunyar kaina.

Bayan wata takwas ya aiko a kira ni, wai ƙofar ta karkace. Na isa da azahar, a irin watan da ko silifa ka manta a waje sai ya yi laushi. Mai gadin wurin ne ya buɗe mini, wani dattijo Bayamane mai ɗingishi. Ya nuna mini tsakiyar fili da haɓa.

Da farko na ɗauka tsohon bargo ne aka jefa a kusurwar kejin. Da na matsa sai bargon ya ɗaga kai. Idanu rawaya, dogon baki, dogayen ƙafafu kamar na ɗan maraƙi. Gashinta mai kauri ne, na ƙasar sanyi, ya zube a wurare da yawa ya bar fata ja. Tafin ƙafafunta huɗu duk sun saɓule, domin rodin da na shimfiɗa mata a ƙasa da rana wuta yake zama, ba ta da inda za ta taka sai shi. A wuyanta akwai waya da aka ɗaura tun tana ƙarama, ta girma wayar ba ta girma ba, ta nutse cikin nama, ƙudaje na bin wurin. Ba ta yi haushi ba. Ko gurnani ba ta yi ba.

Na ce wa mai gadi, "Baba, wane irin kare ne wannan?"

Ya ce ruwa biyu ce, ubanta kyarkeci, uwarta karya. Daga waje aka shigo da ita tana 'yar mitsitsiya. Maigidan yana ɗaukar bidiyo da ita yana sakawa a waya, mutane suna ta yaba masa jarumta. In za a yi baƙi sai a hana ta abinci kwana biyu, don in an ɗaga nama ta yi tsalle ta daki ƙarfe a yi shewa. Dukan da take yi ne ma ya karkatar da ƙofar. Rannan wani baƙo ya zura hannu ta kai masa cafka. Washegari aka ɗaure ta, aka sa filaya aka karya mata fiƙoƙi huɗu tana ji tana gani.

"Ni na riƙe ƙafafun baya," in ji dattijon. Ya kalli ƙasa. "Da na ƙi, da yanzu ina Yaman."

Muna tsaye mai gidan ya fito daga ɗaki mai sanyi, da kofin shayi a hannu.

"Ahlan, ya usta. Gyara ƙofar kawai. Wannan halas, shi ke nan, ta gama aiki. Anjima mai gadi zai kai ta bayan gari ya yar."

Na ce, "Ba ni ita."

Ya yi dariya har shayin ya zuba. "Kai da ba ka rasa sahun gaba a masallaci, kai ne za ka ajiye kare?"

"Ba ni ita."

"Ɗauka. Ka ma rage mana wahala."

A hannuna akwai guduma. Na san nauyinta, na san tazarar da ke tsakanina da goshinsa. Na sa ta a jaka na zuge, saboda na san kaina. Ni da dattijon muka lulluɓe dabbar da buhu muka ɗora ta a bayan a-kori-kurata. Ba ta da nauyin da ya kai na tunkiya.

Akwai wani likitan dabbobi ɗan Sudan da na taɓa yi wa ƙofar asibiti, wurinsa na nufa. Ya yi mata allurar barci, ya ɗauki kusan awa biyu yana ciro wayar daga wuyanta guntu-guntu. Da ya buɗe bakinta ya ga abin da ya rage na haƙoran, sai ya ajiye almakashi ya fita waje ya tsaya. Da ya dawo ya zaunar da ni.

"Ka saurare ni, ya hajj. Wannan ba kare ba ce da za ta riƙa kaɗa maka wutsiya. Ba kuma kyarkeci ba ce da za a sake ta a daji, ba ta san farauta ba, ga shi ba ta da haƙori. Kar ka kalle ta cikin ido. Kar ka miƙa mata hannu. Kar ka jira godiya. Kuma doka ba ta yarda mutum ya ajiye irinta a gida ba. Akwai wasu masu gona a kan dutsen Ta'if da hukuma ta ba izinin riƙe irin waɗannan, zan yi musu magana. Amma a haka ba za ta kai can da rai ba. Sai ta warke."

A bayan warshata akwai ɗakin da nake tara ragowar ƙarfe. Na kwashe shi tas, na zuba yashi mai laushi, na ɗaura tsohon injin sanyaya ɗaki da na saya a kasuwar gwanjo. Na ware riga da wando na shiga wurinta, in na fito na tuɓe na wanke jiki kafin sallah.

Matata da ta ji labari ta ce, "Malam, kare a warsha? Me mutane za su ce?" Ban yi gardama ba, na ce ta zo ta gani. Ta zo da la'asar ta leƙa ta taga. Ta daɗe tana kallo.

"Ɗan kawuna ne ya yi wannan?"

"Shi ne. Kejin kuma ni na ƙera."

Washegari na ga ta dawo daga kasuwa da wuyan kaji cike da leda, ta dafa su luguf ta zare ƙashin, tunda dabbar ba ta iya tauna. Tun daga ranar ita ta ɗauki nauyin abincin, ko da yake ba ta taɓa taka ɗakin ba.

Sati uku ba ta ci komai a gabana ba. Sai na ajiye kwano na fita, in na dawo na tarar ta binne rabi a cikin yashi. Likita ya ce in riƙa zama a ɗakin na juya mata baya. Haka nake yi kullum bayan azahar, in zauna a kan bokiti ina fuskantar bango, ina jin numfashinta a kusurwa. Sannu a hankali ƙafafun suka yi sabuwar fata, ta fara tashi tana tafiya.

A nan ne na ga abin da ya fi ciwon wuyan ƙona mini rai. Ɗakin mita shida ne. Amma in ta tashi, taku take yi na mita uku daidai, ta juya, ta dawo, ta sake juyawa, a wurin da babu ƙarfe babu komai sai iska. Na ɗauko awo na auna sawunta a yashi. Mita uku. Na zauna a ƙasa na yi kuka irin wanda ban yi ba tun rasuwar mahaifina. Da na share hawaye na yi rantsuwa cewa mutumin nan sai ya ɗanɗana wani abu daga hannuna, ko me zai biyo baya.

Ta cije ni sau ɗaya. Laifina ne, na shiga da filaya a aljihu, ta faɗo ƙasa. Kafin in sunkuya dabbar ta riga ta kama mini damtse. Ragowar haƙoran ba su huda ba, amma hannun ya kumbura ya yi baƙi har sati biyu. Likita ya ce da tana da fiƙoƙinta, da yanzu da hannu ɗaya nake walda. Ban ji haushinta ba ko kaɗan. Duk zafin da hannun ya yi mini, a kan mai istiraha na ɗora shi.

A wata na uku ta fara kuka. Wani jirgin ruwa ne ya busa ƙaho daga tasha, sai na ji wata doguwar murya ta amsa daga bayan warsha, ta hau sama ta sauko a hankali. Masu shagunan lungun suka firfito. Na ce musu haƙuri za su yi, baƙuwa ce, ta kusa tafiya. A satin ne kuma ina zaune na juya baya na ji hanci mai sanyi ya taɓa mini ƙeya, sau ɗaya, ya janye.

Ana nan sai ga motar nan ta sake tsayawa a bakin warsha.

"Ya usta, wani kejin nake so, babba. Guda uku aka kawo mini, 'yan wata bakwai. Wancan ya yi musu kaɗan." Ya leƙo ta tagar mota. "Waccan fa, ta mutu?"

Na ce, "Tana nan." Na kuma ce zan yi aikin.

Abin da na yi bayan nan ban taɓa gaya wa kowa ba sai matata. Na ƙera kejin da ƙarfi ta ko'ina, ban da sakatar ƙofa. Ita na ɗan ɗosana mata wuta a wuri biyu kawai, na cike sauran da ƙasa da fenti, ta yi kyau a ido kamar sauran. Na san ƙarfe. Na san in dabbobi uku masu yunwa suka daki ƙofar nan sau goma, a na sha ɗaya za ta buɗe. Kwana huɗu ina aikin ina ganin abin a raina: shi tsaye da nama a ɗage, abokansa na ɗaukar bidiyo, ƙofa ta ɓalle. Ina ganin haka ina jin sanyi a ƙirji. Ba zan yi ƙarya in ce na ji tsoron Allah a kwanakin nan ba. Abinci ma ya fi yi mini daɗi.

Ranar da na kai kejin mai gidan ba ya nan. Dattijon mai gadi ya taya ni saukewa. 'Yan ukun suna cunkushe a tsohon kejin, suna ɗaga ƙafa ɗaya bayan ɗaya saboda zafin rodi. Dattijon ya kama sabuwar sakatar ya ja ya mayar, ya ce ta yi laushi, Allah ya saka.

"Ta tsohon kejin tana ba ni wahala kullum da safe," in ji shi.

Na ce, "Kai kake buɗewa?"

"Wa zai buɗe in ba ni ba? Tun da waccan dabbar ta kai wa baƙo cafka, maigida ba ya matsowa. Daga baranda yake tsayawa. Naman ma ni nake ɗagawa, shi ya ɗauki hoton ta yadda ba a ganina."

Na kalli ƙafarsa mai ɗingishi. An ce ramin mugunta a gina shi gajere, ni kuwa na gina nawa da zurfi a daidai inda bawan Allahn nan yake takawa kowace safiya. Na ce masa na manta wani abu. Na jawo injin daga mota na yanke sakatar, na sake ɗinke ta da wuta ta gaskiya, har ta fi ko'ina ƙarfi. Da na gama na fito da waya na ɗauki hoton komai: dabbobin, tafin ƙafafunsu, kwanon ruwan da ya bushe, ƙofar gidan da lambarta. Dattijon ya juya baya ya tafi ban ruwan ciyawa.

Na nuna wa matata hotunan. Na gaya mata zancen sakata, na gaya mata likita ya san ofishin da ke kula da namun daji, in aka kai musu za su zo. Na kuma tuna mata cewa kafilina, wanda iƙamata ke hannunsa, abokin cinikin ɗan kawunta ne.

Ta ce, "Sakatar nan da ka bar ta, da ban ƙara kwana a gidanka ba. Wannan kuwa ka kai. Abin da zai zo ya zo."

Likita ya ce ana iya kai ƙara ba tare da an ambaci wanda ya kawo ba. Na ce ban yarda ba. So nake mai istiraha ya san ni ne na kai.

Bayan kwana tara jami'an ofishin suka je istirahar, da hantsi, mota uku. Likita ya sanar da ni, na rufe warsha na tafi na tsaya a tsallaken titi, a inda kowa zai gan ni. Maƙwabta suka fito. Aka kira mai gidan a waya, ya iso a guje ko hula babu. Na ga yana ta magana da hannu, yana nuna takardun da ba su da amfani, jami'in yana girgiza kai yana rubutu. Aka fito da dabbobin ɗaya bayan ɗaya a cikin akwatuna, wasu matasa na ɗauka a waya, shi da ya saba ɗaukar wasu. Fuskarsa ta yi fari fat. Da ya waiwayo ya gan ni, sai ya tsallako titi a hankali.

"Yaya," ya ce, da Hausa tsantsa. "Kai ne?"

"Ni ne."

"A kan kare?"

"A kan haƙora huɗu. Ka ci sa'a ma, abin da na shirya maka da farko ya fi wannan."

Bai gane ba, ban kuma yi masa bayani ba. An ci shi tara mai nauyi, aka rufe istirahar na wani lokaci, bidiyon ya zaga wayoyin mutane har abokan cinikinsa. Na kalli bidiyon nan ya fi sau hamsin.

Ramuwarsa ba ta daɗe ba. Kafilina ya kira ni ya ce ba zai sabunta mini iƙama ba, in nemi wani. Wata biyar warsha na rufe, ina bin ofisoshi, ina aikin yini a shagunan waɗanda ni na koya wa riƙe wuta, kafin Allah ya haɗa ni da wani. An sallami dattijon mai gadi, likita ya samar masa shara a asibitinsa. Dangin matata suka daina kiranta biki da suna. Ta sha kuka a ɗaki, amma ko sau ɗaya ba ta ce da na sani ba.

Kawun nata ya aiko na je. Yana kwance ba shi da lafiya, ya riƙe mini hannu.

"Ɗana, hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Ƙaninka ne. Ka je ka ba shi haƙuri, magana ta wuce."

Na ce, "Kawu, kai ubana ne, duk abin da ka sa ni zan yi. Wannan ɗaya ka yafe mini."

Ya saki hannuna ya juya fuska bango. Har ya rasu bai sake yi mini magana ba. Wannan ya dame ni, har yanzu yana damuna. Amma ban je ba.

Ita dabbar kuwa a wata na bakwai mutanen Ta'if suka zo suka ɗauke ta. Cikin 'yan ukun nan ɗaya ya mutu a hanya, biyu suna can tare da ita a wani fili mai faɗi da duwatsu da inuwa. Na je ganinta sau biyu. Gashinta ya dawo har ya rufe tabon wuya. Zuwan farko ta tsaya daga nesa ta daɗe tana shinshina iska ta wajena. Zuwa na biyu ko fitowa ba ta yi ba, mai kula da su ya nuna mini ramin da ta haƙa a ƙarƙashin wani dutse, ya ce tana ciki, in an yi baƙi haka take yi. Ya ce alama ce mai kyau.

Da na sake buɗe warsha na zaga masu walda na Mahjar da na unguwannin kudu, Hausawa da 'yan Pakistan da Yamanawa, shago shago. Na nuna musu hoton tafin ƙafar nan, na kwatanta musu motarsa da fuskarsa. Na ce duk wanda mutumin nan ya zo wa da aikin keji, ko na zomo ne, ya kira ni. Bara wani ɗan Pakistan ya kira. Ya ce mutumin ya zo, yana son mita huɗu a mita uku, kuma ya roƙe shi kar ya gaya wa kowa.

Na ce, "Me ka ce masa?"

"Na ce ya dawo jibi."

Na ajiye abin da nake yi, na wanke hannu, na kira likita.